Ole Kirk Christiansen, Kafintan Billund

Karatu: Fitowa 31:1-11, Kolosiyawa 3:22-4:1

Idan muka tashi tunawa da bayin Allah da suka riga mu, hankalinmu yakan tafi wurin masu bishara, da fastoci, da waɗanda suka kafa ikkilisiyoyi. Wanda za mu duba rayuwarsa a wannan karo kafinta ne. Ba a taɓa naɗa shi fasto ba, bai kuma ƙetare teku domin kai bishara wata ƙasa ba. Ya yi shekara 42 yana aiki a ƙauye guda, cikin ƙurar katako, daga baya kuma cikin warin narkakkiyar roba. Da yawa daga cikinmu da muke sammako zuwa Sharada, ko Challawa, ko Bompai mun san wannan wari, gama a gaban injin roba muke wuni muna fitar da bokiti da buta da kujera da silifas. Shi ma ya tsaya a gaban irin wannan inji tun 1947. Sunansa Ole Kirk Christiansen, mutumin ƙasar Danmak, shi ne ya kafa kamfanin LEGO, mai yin 'yan tubalan nan na roba masu launi-launi da yara suke harhaɗawa su gina gida ko mota.

Danmak ba baƙuwa ba ce ga Kiristan arewacin Nijeriya. Daga can ne likita Niels Brønnum ya zo Numan a 1913, aikin da ya fara tsakanin Bachama kuwa shi ya haifi ikkilisiyar Lutheran da muka sani da suna LCCN. Waɗansu a cikinmu a can aka yi musu baftisma kafin neman abinci ya kawo su Kano. Ole Kirk ɗan wannan gida ne na bangaskiya. Akwai kuma wata koyarwa da Martin Luther ya nanata tun 1520 wadda sai da ita za a gane mutumin: cewa baduku da maƙeri da manomi, kowannensu yana da kira daga wurin Allah a cikin sana'arsa, kamar yadda mai wa'azi yake da nasa, kuma ta wurin wannan sana'a ne yake yi wa maƙwabcinsa hidima. A ganin Luther, Allah yana ciyar da mutane ta hannun mai noma, yana suturta su ta hannun mai ɗinki. To, in haka ne, wanda ya ɓata ɗinkin da gangan ya ɓata hidimar da aka ba shi amana.

An haifi Ole Kirk ranar 7 ga Afrilu 1891 kusa da ƙauyen Filskov, a tsakiyar yankin Jutland, ƙasa mai yashi wadda noma ba ya yin albarka sosai a cikinta. Shi ne na goma a gidan talakawa mai 'ya'ya da yawa. Tun bai kai shekara goma ba aka tura shi aikin gona da kiwo a gidan wani, makaranta kuwa sai kwana biyu a mako. A wurin kiwon ne ya saba da fiƙe itace da 'yar wuƙa. A 1905, yana ɗan shekara 14, ya shiga koyon kafinta a hannun wansa Kristian, ya gama a 1911. Bayan haka ya fita yawon sana'a kamar yadda matasan masu aikin hannu suke yi a zamanin, ya yi aiki a Jamus, ya wuce Norwe. A Norwe ya sadu da Kirstine Sørensen, ya aure ta a 1916, a shekarar ce kuma ya komo gida da 'yan kuɗin da ya tara, ya sayi wani shagon kafinta a ƙauyen Billund.

Billund a lokacin ba ta fi 'yan gidaje da tashar jirgin ƙasa ba. Aikinsa shi ne gina wa manoma gidaje da rumbuna da garken shanu a lokacin zafi, in sanyi ya shigo kuma ya koma shago yana yin ƙofofi da tagogi da kabad. Har aikin katakon majami'ar Skjoldbjerg, wadda ke kusa da su, ya bi ta hannunsa.

Shi da matarsa suna cikin wata ƙungiyar farkawa da ake kira Indre Mission, wato bishara ta cikin gida. An tsara ta a 1861 a cikin ikkilisiyar Lutheran ta Danmak, Fasto Vilhelm Beck ya daɗe yana jagorantarta. Mutanenta ba su fita daga ikkilisiya ba, amma sun ce baftismar jarirai da zuwa sujada ranar Lahadi ba su isa ba sai mutum ya tuba da kansa, rayuwarsa kuma ta nuna. Suna taruwa a ɗakunan addu'a a tsakiyar mako, suna karatun Littafi Mai Tsarki a gida, suna guje wa rawa da caca. Mu da muka taso cikin farkawa ta Ruhu Mai Tsarki ba za mu ji wannan baƙon abu ba, ko da yake sujadarsu shiru-shiru ce, ba ganga ba tafi. A cikin wannan zumunta Ole Kirk ya zauna har mutuwarsa.

Allah ya ba su 'ya'ya maza huɗu: Johannes a 1917, Karl Georg a 1919, Godtfred a 1920, Gerhardt a 1926. Biyu na tsakiyar ne suka jawo masa jarrabawa ta farko. Wata rana a 1924 suka shiga shago wasa, suka kunna wuta kusa da tarin ɓawon katako. Kafin a ankara shago da gidan kwana duk sun ƙone. Yaran ba su wuce shekara huɗu da biyar ba. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris 2016 ya san yadda mutum yakan tsaya a kan toka yana lissafin shekarunsa. Ole Kirk ya sake gini, har ma ya gina wanda ya fi na da girma nesa ba kusa ba, da zakoki biyu na siminti a bakin ƙofa. Gidan yana nan a Billund har yau. Gaskiya, ginin ya fi ƙarfin aljihunsa, bashin ya daɗe yana bin sa, har iyalin suka takura a wani ɓangare suka ba da sauran haya. Wannan hali na gina abin da ya fi kuɗin hannunsa bai rabu da shi ba har tsufa, kuma ba kullum ne ya zama hikima ba.

Sai ga karayar tattalin arziki da ta fara daga Amurka a 1929. Da ta iso Danmak, farashin man shanu da nama ya faɗi, manoma suka daina gini, waɗanda aka riga aka yi wa aiki kuma suka kasa biya. Kafinta ba ya cin abinci sai manomi ya ci. Ole Kirk ya yi ta sallamar ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa farkon 1932 shagon ya zama kusan shi kaɗai. Ya koma yin ƙananan kaya masu araha waɗanda ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye, irin su tsani, teburin guga da 'yan kujeru. Daga nan ya fara yin kayan wasan yara na katako: motoci, jiragen sama, dabbobi masu ƙafar taya da ake ja da zare.

A wannan shekara ta 1932 Kirstine ta rasu. Ta bar shi da yara huɗu, babban yana da shekara 15, ƙaramin shida, ga bashi, ga shago ba ciniki.

Ɗan'uwa, ka ɗan dakata a nan. Mutumin nan mai addu'a ne, ba ya wasa da sujada, yana kuma yin aikinsa da gaskiya. Duk da haka cikin shekara takwas ya rasa gida, ya rasa kasuwa, ya binne matarsa. Akwai wa'azin da yake yawo a zamaninmu wanda zai ce lalle akwai wani zunubi a ɓoye, ko kuwa bai shuka iri yadda ya kamata ba. Abokan Ayuba ma haka suka ce, Ubangiji kuwa bai yarda da maganarsu ba. Idan masaƙar da ka yi wa aiki shekara da shekaru ta rufe, kamar yadda masaƙu da yawa suka rufe a Kano, ko kuwa aka rage ma'aikata sunanka ya fito, wannan ba shaida ba ce cewa Allah ya juya maka baya. Abin da ya rage wa Ole Kirk a shekarar nan shi ne hannuwansa biyu, da 'ya'yansa, da Allahnsa. Daga baya ya riƙa ambaton lokacin a matsayin lokacin da ya durƙusa ya miƙa al'amarin duka ga Ubangiji, ya tashi ya koma bakin aiki.

'Yan'uwansa suka taru suka tsaya masa ya sami rance don kada a rufe shagon. Amma suka nuna masa cewa ya kamata babban mutum mai sana'a ya nemi abin yi da ya fi sassaƙa wa yara abin wasa. Ya karɓi taimakon, bai bar kayan wasan ba. A ganinsa abin da za a sa a hannun yaro ba ƙaramin abu ba ne. Cinikin dai bai zo da sauƙi ba. Wani babban dillali ya yi odar kaya masu yawa, ana gama su sai labari ya zo cewa dillalin ya karye. Ole Kirk ya loda kayan ya bi kantuna ɗaya-ɗaya yana talla, shi da ba gwanin talla ba, wani wuri a ba shi kuɗi, wani wuri a biya shi da kayan abinci. An kuma yi yayin wani abin wasa mai suna yo-yo (ba yoyon ɗaki ba, faifai ne biyu na katako da ake wasa da su da zare), ya yi su da yawa, sai yayin ya wuce kwatsam ya bar shi da tari. Maimakon ya zubar, ya raba su biyu ya mai da su tayoyin motocin wasa.

A 1934 ya auri Sofie Jørgensen, wadda ta zo gidan domin lura da yaran, ta kuma sa 'yan kuɗin ajiyarta a cikin sana'ar. Ta haifa masa 'ya mace, Ulla, a 1935. A 1934 ɗin ne kuma ya raɗa wa shagon suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu, leg da godt, ma'ana a yi wasa da kyau.

Yanzu bari mu shiga shagon mu ga yadda ake aiki, gama a nan ne bangaskiyar mutumin ta fi fitowa fili. Katakon da yake amfani da shi sai an bar shi ya sha iska shekara biyu, sa'an nan a sa shi a ɗakin zafi na mako uku. Kowane kafinta a cikinmu ya san dalili: ɗanyen katako yakan yi kyau ranar da aka sayar, bayan wata uku ya tanƙware, ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, mai saye ya riƙa tsine wa wanda ya yi. Bayan an yanka an haɗa, sai a goge da samfefa har ya yi sumul, domin kada sartse ya soki yaro. Daga nan a shafa fenti, a bi da man ƙyalli har sau uku, kamar yadda ake yi wa kabad na gidan mai kuɗi. Ka tuna fa, abin wasa ne, wanda yaro zai ja cikin ƙasa, mai yinsa kuma bashi ya kai masa iya wuya.

Godtfred ya fara taimakon mahaifinsa a shagon tun yana ɗan shekara 12. Wata rana aka ba shi aikin gama waɗansu agwagin katako, irin waɗanda ake ja da zare bakinsu yana buɗewa yana rufewa, ya kai su tashar jirgi. Yaron ya san halin da gida yake ciki. Sai ya yi dabara, ya shafa man sau biyu maimakon uku, ya ɗaure kaya ya kai tasha, ya dawo yana murna ya gaya wa mahaifinsa cewa ya rage wa kamfani kashe kuɗi. Yana jiran yabo. Mahaifin ya umarce shi ya koma tashar nan take ya kwaso kayan, ya kwance su, ya yi wa kowace agwagwa shafi na uku, ya sake ɗaurewa ya mayar, shi kaɗai ba mai taya shi, ba kuma zai kwanta ba sai ya gama. Haka yaron ya raba dare yana shafa.

Wa zai gane bambancin shafi biyu da uku a ranar saye? Mai kanti ba zai gane ba, uwar yaron ma haka. Sai bayan watanni, sa'ad da launin ya fara kwailewa, lokacin kuwa kuɗi sun daɗe da shiga aljihu. Abin da Godtfred ya yi, a wurare da yawa sunansa wayo, har ƙarin girma ake yi wa mutum a kansa. Mun san irinsa. A rage nauyin roba a bokiti har ya zama ana ganin haske ta cikinsa. A cika tsohuwar roba a cikin sabuwa fiye da ƙima, kujera ta karye da mai ciki a kanta. A fitar da fata daga magani kafin ta jeme domin a cika lissafin rana. A lulluɓe ruɓaɓɓen katako da yadi mai kyau a cikin kushin. Mai gadi ya sa hannu cewa ya zagaya alhali barci ya yi. Ba wanda ya gani, in ji mu. Ole Kirk bai yarda akwai aikin da ba wanda ya gani ba. Abin da manzo Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa a kan aikin ganin ido, shi ya ɗauke shi a zahiri, har cikin gwangwanin man ƙyalli. Kuma a ganina hukuncin da ya yi wa ɗansa ƙauna ce, ko da yake mai tsanani. Da ya yi masa faɗa kawai ya bar kayan suka tafi, da yaron ya koyi cewa gaskiya abin faɗa ce a baki, amma in kuɗi suka shigo sai a kau da kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Godtfred da kansa ne ya riƙa ba da labarin nan har ya tsufa, shi ne kuma ya sassaƙa taken mahaifinsa a kan allon katako aka rataye a shagon, taken da yake nufin cewa ko mafi kyawun aiki bai yi wa yaro yawa ba.

Na san wani zai ce, ni ba ni da kamfani, abin da manaja ya ce in zuba shi nake zubawa. Gaskiya ne, ba kowane abu ne yake hannun lebura ba, wanda ya ba da umarnin ha'inci kuma shi zai fi ɗaukar nauyinsa. Amma akwai abin da yake hannunka: ko ka ware mai aibi ko ka tura shi cikin buhu, ko ka faɗa cewa inji yana fitar da ɓatacce ko ka yi shiru don kada a tsai da aiki. Masu shago da masu kamfani a cikinmu kuma, karatunmu na yau bai tsaya a kan bayi ba, ya gangara har aya ta fari ta sura huɗu, inda aka juyo kan iyayengiji. Ole Kirk ya bukaci aiki mai kyau daga ma'aikatansa, amma za mu ga abin da shi ma ya yi dominsu.

Kowace safiya kafin a ta da inji, ma'aikata sukan taru a yi waƙa, a karanta Maganar Allah, a yi addu'a. Al'adar ta zauna a kamfanin har bayan mutuwarsa, zuwa shekarun 1960. Addu'ar safe a wurin aiki ba wuya ba ce, muna yinta a wurare da yawa. Abin da ya ba tasa nauyi shi ne ma'aikacin da ya rera waƙa da ƙarfe bakwai ya san cewa da ƙarfe goma ba za a ce masa ya rage shafi ba.

Ranar 9 ga Afrilu 1940 sojojin Jamus suka mamaye Danmak. Abin mamaki, yaƙin ya buɗe wa shagon kasuwa, gama an daina shigo da kayan wasa daga waje, an kuma hana amfani da ƙarfe da roba a irin waɗannan kaya, sai na katako suka sami shiga. Ana cikin wannan ɗan sauƙi, a daren 20 ga Maris 1942, wayar lantarki ta haɗu, masana'antar ta kama wuta. Gidan kwana ya tsira, amma injuna da kaya da zane-zanen da aka yi shekara goma ana tarawa duk suka tafi. Yana da shekara 50, ya kusa cika 51. Kuɗin inshora bai kai asarar ba. A wannan karo ya yi tunanin ajiye sana'ar gaba ɗaya. Waɗansu garuruwa kuma suka yi masa tayin ya koma wurinsu ya kafa sabuwar masana'anta, inda hanya da kasuwa suka fi kyau. Ga mai lissafin riba, tayin ya fi. Amma mutanen da suke aiki a wurinsa 'yan Billund ne, a nan gidajensu suke, in ya tashi ba su da wani wurin samun abinci. Ya ci bashin banki ya sake gini a Billund. Zuwa 1943 mutum wajen 40 suke cin abinci a wurin.

Bayan yaƙi katako mai kyau ya yi wuya. A 1946 ya je Kopenhagen, babban birnin ƙasar, ya ga ana gwada wani inji ƙirar Ingila wanda yake narka roba ya tura ta cikin mazubin ƙarfe, ta huce ta fito da siffar da ake so. Kakan injunan da muke aiki da su ke nan. Ya yi odarsa a kan kurona 30,000, kuɗin da ya girgiza gidan, injin ya iso a 1947. Mutum ne da ya yi shekara 40 yana aikin katako, ya san ƙanshin kowane itace, ga shi yana gab da shekara 60 ya koma ɗan koyo. 'Ya'yansa ba su ji daɗin abin ba, suna ganin roba za ta cinye abin da katako ya tara. Suna da hujja, gama shekarun farko kayan roba ba su kawo abin kirki ba.

A nan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Tunanin tubalin roba mai 'yan ƙusoshi a ka ba na Ole Kirk ba ne. Wani Baturen Ingila mai suna Hilary Page ne ya ƙirƙiro shi, yana sayarwa da sunan kamfaninsa Kiddicraft. Samfurin tubalan Page ne ya zo hannun Ole Kirk ta wurin masu sayar da injin, aka gyara awonsu a Billund, aka fara fitar da su a 1949. Page ya mutu a 1957 bai ci moriyar abin da tunaninsa ya zama ba, sai a 1981 kamfanin LEGO ya sayi haƙƙin Kiddicraft. Shekaru da yawa ana ba da labarin tubalin ba a ambaton sunansa. Mutumin da ya hana ɗansa barci saboda shafi ɗaya, a wannan wuri bai kai ma'aunin da shi kansa ya kafa ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba, mu ma ba mu da dalilin yi wa kafintan Billund kwaskwarima. Mai gaskiya a awo yana iya yin sakaci a kan haƙƙin wani, musamman in wanin yana nesa ba zai zo ya tambaya ba.

Tubalan farko ba su karɓu ba. Cikinsu rami ne, ba sa kama juna sosai, yaro ya gina hasumiya a ɗan taɓa ta rushe. Kantuna suka riƙa mayar da su. Ole Kirk ya nace a ci gaba. A 1951 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ƙarfinsa ya fara raguwa, ragamar ta riƙa komawa hannun Godtfred. Duk da haka a 1952 tsohon ya dage sai an faɗaɗa masana'anta, Godtfred ya ce ba kuɗi, uban ya nuna masa cewa shi ne mai cewa a yi gini, neman kuɗin kuma aikin ɗan ne. Sun sha irin wannan ja-in-ja. Uba mai tafiya da bangaskiya, ɗa mai riƙe da littafin lissafi, kuma kamfanin ya bukaci dukansu biyu, ko da yake zaman bai yi wa ɗan sauƙi ba.

Dukan 'ya'yansa maza huɗu a wurinsa suka yi aiki. A 1957 Godtfred ya zama shugaban kamfani, Karl Georg yana lura da ɓangaren roba, Gerhardt da ɓangaren katako. Godtfred da ma'aikatansa suka yi ta gwaji har suka gano maganin rushewar tubalin: suka sa 'yan bututu a cikin ramin, yadda ƙusoshin na ƙasa za su matse a tsakaninsu. Ranar 28 ga Janairu 1958 aka shigar da takardar rajistar wannan ƙira. Bayan mako shida, ranar 11 ga Maris 1958, Ole Kirk Christiansen ya huta, yana da shekara 66. Ma'aikatan Billund a lokacin wajen 140 ne.

Bai ga abin da duniya ta sani yau ba. Filin wasan Legoland sai a 1968 aka buɗe shi, shekara goma bayansa. Bai kuma ga abin da ya faru da 'ya'yansa ba. A watan Fabrairu 1960 wuta ta sake cin ɓangaren katako, Godtfred ya yanke shawarar a bar katako gaba ɗaya a riƙe tubalin roba. Karl Georg da Gerhardt ba su yarda a binne sana'ar mahaifinsu ba, suka fita daga kamfanin, Godtfred ya sayi rabon 'yan'uwansa. Gidan da uban ya riƙe wuri ɗaya cikin gobara da mutuwa da bashi ya rabu sa'ad da arziki ya fara shigowa, shekara biyu kacal bayan an binne shi. Masu sana'ar gado a cikinmu, ku yi magana da 'ya'yanku a kan abin da zai biyo baya tun kuna da rai, ku sa shi cikin addu'a, ku kuma rubuta.

Amma shafi na uku ya bi Godtfred zuwa cikin roba. A aikin roba, wurin da ake gane mai gaskiya shi ne mazubi, gama in awonsa ya kauce ko da kaurin gashi ne, tubali ba zai kama ɗan'uwansa ba, ko kuwa ya kama ya ƙi fita. Yaron da aka hana barci saboda agwagi ya kashe kuɗi mai yawa a kan mazubai masu daidaitaccen awo, ya kuma riƙe awon bai sauya ba. Shi ya sa tubalin da aka zuba a Billund a 1958, in aka same shi yau a cikin tsohon kwali, yana shiga daram cikin wanda aka zuba bana.